Sulhun da ya kasa hana yaƙi: rikicin bauta a Amurka kafin 1861

A watan Satumban 2021 hukumomin jihar Virginia suka sauke babban mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, babban kwamandan dakarun Kudu a yaƙin basasar Amurka, wanda ya shekara sama da 130 a tsaye a birnin Richmond. A 2023 aka canza sunayen sansanonin soja tara da ke ɗauke da sunayen kwamandojin Kudu na zamanin yaƙin basasa, sannan a 2025 sabuwar gwamnati ta shiga mayar musu da sunayen da aka san su da su. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, mai sauraro yakan ji magana iri biyu. Wasu su ce waɗannan janar-janar sun yi yaƙi ne don a ci gaba da bautar da baƙar fata, wasu kuma su ce sun tashi ne don kare 'yancin jihohinsu daga danniyar gwamnatin tarayya. Wanda yake son auna maganganun biyu sai ya koma baya shekara saba'in da 'yan kai kafin yaƙin, domin a tsawon wannan lokaci ne Arewa da Kudu suka yi ta ƙulla sulhu a kan bauta suna warwarewa, kuma abin da kowane ɓangare ya nema a teburin sulhu shi ne ya fi nuna abin da ya kai shi fagen daga.

Kalmomin da ya kamata a fara fahimta

Amurka tarayya ce mai majalisa biyu. A Majalisar Wakilai ana raba kujeru gwargwadon yawan jama'ar kowace jiha, amma a Majalisar Dattawa kowace jiha sanata biyu take da su, babba ce ko ƙarama. Ƙuduri ba ya zama doka sai ya ratsa majalisun biyu, saboda haka duk ɓangaren da ya riƙe rabin kujerun dattawa yana iya toshe abin da ba ya so, ko da an fi shi yawan jama'a nesa ba kusa ba.

Jiha daban take da yanki. Yanki ƙasa ce da Amurka ta saya ko ta ci da yaƙi, wadda take zama a hannun gwamnatin tarayya har mazaunanta su yi yawa, su rubuta tsarin mulkinsu, su nemi a karɓe su a matsayin jiha. Kusan duk 'yan siyasar wancan zamani, har da masu ƙin bauta, sun yarda cewa tarayya ba ta da ikon soke bauta a jihar da ta halatta ta. Inda gizo yake saƙa shi ne yankuna: wa zai yanke ko za a shiga da bayi cikinsu, tun da kowane yanki wata rana zai zama jiha mai sanata biyu?

Ita kanta bautar tana buƙatar bayani, domin Bahaushe ya san bawa da baiwa da rinji da murgu a tarihinsa, kuma yana iya zaton abu ɗaya ne. Akwai kamanni, amma akwai bambanci biyu masu nauyi. A Amurka an ɗaure bauta da launin fata, har ta kai a jihohin Kudu duk baƙin mutum ana ɗaukarsa bawa sai ya nuna takardar 'yancinsa. Na biyu, tun daga wata doka da Virginia ta yi a 1662, ɗa matsayin uwarsa yake bi. Ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne, ana iya kai shi kasuwa a sayar, saɓanin abin da aka sani a ƙasar Hausa inda ɗan ƙwarƙwara ɗa ne mai gado.

Masu adawa da bauta kuma kashi biyu ne. Akwai masu neman a soke ta nan take a ko'ina, irin su William Lloyd Garrison da Frederick Douglass, wanda shi kansa gudowa ya yi daga bauta a Maryland, kuma waɗannan 'yan tsiraru ne. Akwai kuma masu cewa a bar ta inda take, a hana ta yaɗuwa kawai. Su ne masu yawa, kuma daga cikinsu Abraham Lincoln ya fito.

Tushen matsalar a kundin tsarin mulki

Lokacin da wakilan jihohi suka zauna a Philadelphia a 1787, jihohin Arewa sun riga sun fara rabuwa da bauta: Pennsylvania ta yi dokar 'yantarwa sannu a hankali a 1780, kotunan Massachusetts suka kawo ƙarshenta a 1783. Wakilan Carolina ta Kudu da Georgia kuwa suka nuna ba za su shiga tarayyar da za ta taɓa bayinsu ba. Aka daidaita a kan abu uku. Wajen ƙidayar da za a raba kujerun wakilai da ita, za a lissafa kashi uku cikin biyar na bayi, duk da cewa ba su da ƙuri'a. Majalisa ba za ta hana shigo da bayi daga waje ba kafin 1808. Bawan da ya gudu zuwa wata jiha kuma dole a mayar da shi ga mai shi. Masu rubuta kundin sun kauce wa kalmar bawa ɗungurungum, suka yi ta zagaye da lafazi irin su mutanen da aikin wani ya hau kansu.

Sharaɗin farko ya ba Kudu ƙarin kujeru a Majalisar Wakilai da ƙarin nauyi a zaɓen shugaban ƙasa, kuma huɗu daga cikin shugabannin Amurka biyar na farko 'yan Virginia ne masu bayi. A shekarar ta 1787 aka kuma haramta bauta a yankin da ke arewa da kogin Ohio, wanda daga baya ya haifi jihohi irin su Ohio da Indiana da Illinois. Da yawa daga cikin shugabannin lokacin sun ɗauka bauta za ta mutu da kanta idan aka rufe ƙofar shigo da bayi.

Auduga ta rushe wannan lissafi

A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga. Irin audugar da ke yi a cikin ƙasar Kudu anguryarta manne take da kaɗa, mutum yakan wuni bai tsince rabin kilo ba, amma da injin sai a gurje sama da kilo ashirin. Wannan ya zo daidai da lokacin da masaƙun Lancashire a Ingila suke haɗiye duk audugar da aka kai musu. Cikin 'yan shekaru gandayen auduga suka bazu daga Georgia zuwa Alabama da Mississippi da Louisiana, a kan ƙasar da aka kori 'yan asalin wurin daga cikinta.

An rufe ƙofar shigo da bayi ranar 1 ga Janairun 1808, amma adadinsu bai ragu ba. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000, ta 1860 kuma kusan miliyan 4, kusan duka haihuwar ƙasar. Kafin yaƙi auduga ta kai fiye da rabin kuɗin duk kayan da Amurka take fitarwa waje, kuma masana tarihi suna ƙiyasta farashin bayin a kasuwa da kimanin dala biliyan 3, wato fiye da jarin layin dogo da masana'antun ƙasar a haɗe. Arewa ma ba ta tsira daga cin wannan riba ba, domin bankunan New York ne suke ba manoman bashi, jiragen ruwanta suke dakon audugar, masaƙun Massachusetts suke saƙa ta. Sai dai hanyoyin biyu sun rabu: Arewa ta cika da masana'antu da 'yan ci-rani daga Ireland da Jamus masu aiki a biya su lada, ta kuma tsere wa Kudu a yawan jama'a, har Majalisar Wakilai ta kuɓuce wa Kudu duk da ƙarin kashi uku cikin biyar. Abin da ya rage mata shi ne Majalisar Dattawa.

Layin Missouri, 1820

A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15, abin da ya kusan ninka girmanta. A 1819 Missouri, wadda take cikin wannan yanki, ta nemi zama jiha mai bayi. Wani ɗan majalisa daga New York, James Tallmadge, ya kawo gyara cewa kada a ƙara shigo da bayi Missouri, kuma a 'yanta 'ya'yan da za a haifa idan sun kai shekara 25. Wakilai suka amince, dattawa suka ƙi. A ƙarshen shekarar jihohi 22 ne, 11 masu bayi, 11 marasa bayi, don haka duk inda Missouri ta faɗa nan sikeli zai rinjaya.

Sulhun da Henry Clay na Kentucky ya taimaka aka ƙulla a 1820 ya karɓi Missouri da bayinta, ya yanko Maine daga Massachusetts ta zama jiha marar bayi, sannan ya ja layi a digiri 36 da minti 30, wato kan iyakar Missouri ta kudu: a sauran yankin Louisiana ba bauta a arewacin wannan layi. Tsohon shugaban ƙasa Thomas Jefferson, yana tsoho a gidansa, ya rubuta wa wani abokinsa cewa rikicin ya firgita shi kamar ƙararrawar gobara cikin dare. Daga nan aka shiga karɓar jihohi bibbiyu: Arkansas da Michigan, sannan Florida da Texas aka biyo su da Iowa da Wisconsin, har aka kai 15 da 15 a 1848. Wannan sulhu shi ne ya fi daɗewa, kuma dalilin daɗewarsa a fili yake, domin ya raba duk ƙasar da Amurka take da ita a lokacin, bai bar wani fegi da za a yi jayayya a kai ba.

Harajin fito da dokar toshe baki

Masu cewa haraji ne ya jawo yaƙi suna kafa hujja da rikicin 1832. Harajin fito da aka ɗora wa kayan waje a 1828 ya kare masana'antun Arewa, ya tsauwala wa Kudu mai sayen kayan Ingila. Carolina ta Kudu, bisa koyarwar John C. Calhoun cewa jiha tana da ikon soke dokar tarayya a cikin iyakarta, ta ce harajin ba zai yi aiki a ƙasarta ba. Shugaba Andrew Jackson, wanda shi ma mai bayi ne, ya yi barazanar aika soja, Clay ya shiga tsakani aka rage harajin a 1833. Abin lura shi ne babu wata jihar Kudu da ta bi bayan Carolina a kan haraji.

A shekarun nan ne harshe ya canza. A 1831 Garrison ya fara buga jaridarsa a Boston, kuma a shekarar ce Nat Turner ya jagoranci tawayen bayi a Virginia aka kashe fararen fata sama da 50. Jihohin Kudu suka tsananta dokokin hana koya wa bayi karatu da hana su taro. Daga 1836 zuwa 1844 Majalisar Wakilai ta haramta wa kanta sauraron duk wata takardar koke a kan bauta, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya yi ta yaƙi da wannan doka har aka janye ta. Shugabannin Kudu na farko sukan kira bauta larura da suka gada, amma a 1837 Calhoun ya miƙe a Majalisar Dattawa ya ce alheri ce tsantsa ga bawa da ubangida.

Ƙasar da aka ci daga Meksiko da sulhun 1850

Yaƙin da Amurka ta yi da Meksiko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo mata Kalifoniya da faffaɗar ƙasar da ke tsakaninta da Texas, kuma layin Missouri bai shafi wannan ƙasa ba. Tun yaƙin bai yi nisa ba David Wilmot na Pennsylvania ya kawo sharaɗin cewa kada a yi bauta a duk abin da za a samu daga Meksiko. Sharaɗin ya wuce a gaban wakilai, ya mutu a gaban dattawa, amma yadda aka kaɗa ƙuri'ar ya tayar da hankali, domin 'yan majalisa sun ajiye jam'iyya gefe, ɗan Arewa ya bi ɗan Arewa, ɗan Kudu ya bi ɗan Kudu. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848 mutane suka yi tururuwa, suka rubuta tsarin mulki marar bauta, suka nemi zama jiha, alhali babu wata jiha mai bayi da za a haɗa su da ita.

Clay, cikin tsufa, ya sake kawo sulhu. Daniel Webster na Massachusetts ya goyi bayansa, abin da ya zubar masa da mutunci a gida. Calhoun ya yi adawa, rashin lafiya ta hana shi karanta jawabinsa da kansa, kuma ya rasu a ƙarshen watan Maris na 1850. Ƙudurin a dunƙule ya faɗi. Sai wani matashin sanata daga Illinois, Stephen Douglas, ya yayyanka shi gida-gida, ya nemo wa kowane gida rinjayensa daban. Kalifoniya ta shigo ba bayi. Yankunan Utah da New Mexico aka bar wa mazaunansu zaɓi. Texas ta saki wata ƙasa da take iƙirari aka biya ta dala miliyan 10. Aka hana cinikin bayi a birnin Washington, ba tare da an soke bautar kanta ba. Sannan aka yi sabuwar dokar kamo bayin da suka gudu. 'Yan majalisar da suka zaɓi dukkan sassan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa wasu masana suke ganin tsagaita wuta aka yi, kowa yana riƙe da matsayinsa.

Dokar kamo bayin ita ce ta kai bauta ƙofar gidan ɗan Arewa. Ta naɗa kwamishinonin tarayya masu yanke hukunci ba tare da masu taya alƙali shari'a ba, kuma wanda ake zargi ba shi da damar ba da shaida a kan kansa. Kwamishina yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai nemansa, dala 5 idan ya sake shi. Duk wanda ya ɓoye gudajjen bawa yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida, kuma jami'i yana iya tilasta wa mai wucewa ya taya shi kamu. A 1854 aka kama Anthony Burns a Boston, Shugaba Franklin Pierce ya sa sojojin tarayya suka raka shi tashar jirgin ruwa a gaban dubban mutane masu ihu, kafin daga baya mutanen birnin su tara kuɗi su fanso shi. Jihohin Arewa da dama suka yi dokokin hana jami'ansu da gidajen yarinsu shiga wannan aiki, kotun ƙolin Wisconsin ma ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. A wannan gaɓa, Kudu ce take neman ƙarfin tarayya, Arewa kuma take fakewa da 'yancin jihohi.

Kansas da shari'ar Dred Scott

Douglas yana son a shimfiɗa layin dogo daga Chicago zuwa tekun Pacific, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an kafa gwamnati a yankunan da layin zai ratsa. Yankunan suna arewa da layin Missouri, sanatocin Kudu kuma suka ce ba za su ba da ƙuri'a ba sai an share layin. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta share shi, ta ce mazauna su zaɓa. Wannan ya kashe jam'iyyar Whig, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu na lokacin, ya haifi jam'iyyar Republican, wadda manufarta ta farko ita ce hana bauta shiga yankuna.

Zaɓin mazauna ya zama tseren wanda zai riga wani zama. A zaɓen Maris na 1855 dubban mutane ɗauke da makamai suka tsallako daga Missouri, ƙuri'un da aka kaɗa suka ninka adadin masu rajista. Kansas ta wayi gari da gwamnati biyu, ta masu goyon bayan bauta a Lecompton, ta masu ƙinta a Topeka. Cikin mako guda a watan Mayun 1856 magoya bayan bauta suka far wa garin Lawrence, cibiyar masu ƙin bauta, ɗan majalisa Preston Brooks na Carolina ta Kudu ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner na Massachusetts, mai adawa da bauta, duka da sanda a zauren majalisa har ya suma, sannan John Brown, wani mai tsananin ƙin bauta, da mutanensa suka yanka magoya bayan bauta biyar a Pottawatomie. Sumner ya yi sama da shekara uku bai koma bakin aiki sosai ba. Brooks kuwa mazaɓarsa ta sake zaɓensa, masoya suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna.

A ranar 6 ga Maris, 1857 Kotun Ƙoli ta shiga maganar. Dred Scott bawan wani likitan soja ne da ya zauna da shi a Illinois da yankin Wisconsin, ya kai ƙara cewa zamansa a ƙasar da ba bauta ya 'yanta shi. Alƙalai bakwai cikin tara suka ƙi. Babban alƙali Roger Taney ya rubuta cewa baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana mutum shiga yanki da dukiyarsa, bayi kuma dukiya ne. Hukuncin ya rushe manufar Republican, ya kuma girgiza ta Douglas, domin idan majalisar tarayya ba ta iya hanawa, ta yaya majalisar yanki za ta iya? Hanyoyin sulhu biyu da aka sani, wato jan layi da barin mazauna su zaɓa, duk sun toshe cikin shekara uku.

Matsayin kowane ɓangare

Shugabannin Kudu suna cewa yankuna mallakar dukkan jihohi ne, an same su da jini da kuɗin kowa, don haka hana ɗan Kudu shiga da bayinsa wariya ce. Suna cewa tsarin mulki yarjejeniya ce tsakanin jihohi, wadda Arewa ta karya ta da ƙin mayar da bayi, kuma wanda ya shiga yarjejeniya da kansa yana iya fita. Akwai kuma tsoro na gaske a ƙarƙashin wannan: sun ga yadda bayi suka kifar da Turawa a Haiti, kuma harin da John Brown ya kai ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry a Oktoban 1859 don tayar da bayi, da yadda aka yi makokinsa a wasu garuruwan Arewa bayan an rataye shi, ya tabbatar musu da abin da suke zargi.

'Yan Republican suna cewa waɗanda suka kafa ƙasar sun hana bauta a arewacin Ohio, saboda haka ikon majalisa a kan yankuna tsohon abu ne. Hujjarsu da ta fi jan talaka ita ce ta tattalin arziki: ƙaramin manomi ba zai iya gogayya da mai gandu da bayi ɗari ba. Lincoln ya kira bauta zalunci, amma a muhawararsa da Douglas a 1858 ya ce ba ya neman daidaita farare da baƙaƙe a siyasa ko zamantakewa. Ƙin bauta a Arewa sau da yawa yana tafiya tare da ƙin baƙar fata. Indiana a 1851 da Illinois a 1853 sun hana baƙaƙen mutane masu 'yanci shigowa su zauna, kuma a Illinois ne 'yan zanga-zanga suka kashe ɗan jarida mai adawa da bauta Elijah Lovejoy a 1837.

Game da tambayar da aka fara da ita, takardun da jihohin suka rubuta da hannunsu suna nan. Sanarwar ɓallewar Carolina ta Kudu ta jera jihohin Arewa da suka ƙi mayar da bayi a matsayin babban laifi. Ta Mississippi tun daga farkonta ta ce matsayinta a haɗe yake da bauta. Tsarin mulkin ƙawancen Kudu, wato gwamnatin da jihohin da suka ɓalle suka kafa, ya haramta duk dokar da za ta tauye haƙƙin mallakar bayi, kuma mataimakin shugabansa, Alexander Stephens, ya ce a Savannah a Maris na 1861 an kafa sabuwar gwamnatin ne a kan cewa baƙi ba daidai yake da fari ba. Harajin fito kuwa ya riga ya sauko ƙwarai tun 1857. Maganar 'yancin jihohi tana da tushe a tsarin mulki, kuma sojojin Kudu da yawa sun fita ne don kare garuruwansu, amma 'yancin da shugabanninsu suka ambata da suna shi ne na mallakar bayi. Haka nan Arewa ta shiga yaƙin ne da farko don hana ƙasar rabewa, 'yantarwa ta zama manufarta daga baya.

Abin da ya faɗa wa talakawa

Bayi ba su da wakili a ko ɗaya daga cikin waɗannan zama, amma su ne suka biya. Kowane sabon yankin auduga kasuwa ce ga Virginia da Maryland, inda ƙasa ta gaji da taba, kuma tsakanin 1790 da 1860 an kwashe kimanin mutum miliyan ɗaya daga can zuwa ƙuryar Kudu, wasu a ɗaure a ƙasa, wasu ta jirgin ruwa zuwa kasuwar New Orleans. Doka ba ta san auren bayi ba, don haka ana raba miji da mata, uwa da ɗa. Baƙaƙen da ke da 'yanci, kusan rabin miliyan a 1860, sun zauna cikin fargabar sata. Solomon Northup, ɗan New York, an sace shi a Washington a 1841 ya yi shekara 12 a gonakin Louisiana. Bayan dokar 1850 dubbai suka ƙaura Kanada, kuma Harriet Tubman, gudajjiyar baiwa wadda takan koma Maryland ta fito da 'yan uwanta, sai da ta miƙa hanyarta har can.

Farar fatar Kudu ma ba duka ne masu bayi ba, kimanin iyali ɗaya cikin huɗu ne suke da su. Sauran sun zauna a ƙasar da aka hana wasiƙu da jaridun masu adawa shiga, inda furta shakka a kan bauta yake iya sa a kori mutum daga gari. Rabuwar ta kai har wuraren ibada: cocin Methodist ya tsage biyu a 1844, na Baptist a 1845, shekara goma sha shida kafin ƙasar kanta ta tsage.

Zaɓen 1860 da yunƙurin ƙarshe

Jam'iyyar Democrat ce igiya ta ƙarshe da ta haɗa sassan biyu, kuma ta tsinke a taronta na Charleston a 1860, lokacin da wakilan Kudu suka nemi a yi dokar tarayya mai kare bauta a yankuna, magoya bayan Douglas suka ƙi. Aka shiga zaɓe da 'yan takara huɗu. Lincoln ya samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, amma ya kwashe 180 daga cikin ƙuri'u 303 na wakilan jihohi waɗanda su ne suke zaɓen shugaban ƙasa, alhali a jihohin Kudu goma ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba. A lokacin jihohi marasa bayi 18 ne, masu bayi 15. Carolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, kafin farkon Fabrairu jihohi shida sun bi ta, suka haɗu a Montgomery suka naɗa Jefferson Davis shugaba.

Sanata John Crittenden na Kentucky ya kawo shawarar a dawo da layin Missouri, a miƙa shi har tekun Pacific, a rubuta shi cikin tsarin mulki, ya kuma shafi duk ƙasar da za a samu nan gaba. Lincoln ya umarci 'yan jam'iyyarsa su ƙi, domin yana ganin wannan sharaɗi na ƙarshe gayyata ce ga neman Cuba da wasu ƙasashen kudu don ƙara jihohin bayi. Abin da ya yarda da shi shi ne wani gyara da majalisa ta amince da shi a farkon Maris na 1861, wanda zai hana tarayya taɓa bauta har abada a jihohin da take, kuma a jawabinsa na rantsuwa ranar 4 ga Maris ya nanata cewa ba shi da niyya ko ikon yi mata katsalandan a can. Jihohin da suka ɓalle ba su waiwayi tayin ba, saboda bai ce komai a kan yankuna ba. Ranar 12 ga Afrilu dakarun Kudu suka buɗe wuta a kan sansanin Sumter da ke bakin tekun Charleston. Da Lincoln ya nemi sojojin sa-kai 75,000, Virginia da Arkansas da Tennessee da Carolina ta Arewa suka bi Kudu, yayin da jihohi huɗu masu bayi, wato Delaware da Maryland da Kentucky da Missouri, suka ci gaba da zama cikin tarayya.